Maigatari: kasuwar da makullinta ke hannun wasu

Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗu suka zama masarautar Gumel: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk wanda ya san yankin ya san cewa ranar Alhamis ce ke auna lafiyar aljihun mutanensa. Ran nan kasuwar Maigatari ke ci, a shigo da shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga jihar Damagaram ta Nijar, a loda su a tireloli zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen kudu. Dillali ya sami la'ada, mai masauki ya sami rabonsa, ɗan canji da mai POS da ɗan dako da mai tuwo kowa ya koma gida da na cefane. Sai dai wannan arziki yana rataye ne a ƙofa guda, ƙofar kuwa makullinta biyu ne, ɗaya a Abuja, ɗaya a Yamai. Babu ko ɗaya a Gumel.

Tarihi ya maimaita wannan darasi har ya gaji. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, sai a Disambar 2020 aka buɗe mashigai huɗu, Maigatari na cikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya sake datse hanyar har zuwa Maris 2024. A kowane karo, hukuncin da aka yanke a nesa ya sauka ne a kan tukunyar talakan da ba a tambaye shi ba.

Abin da ya sauya yanzu shi ne ɗaya makullin ma ya fara juyawa. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. A Janairun 2025 ficewar ƙasar daga ECOWAS ta tabbata. A watan Mayun 2025 kuma, ana shirin Babbar Sallah, Yamai ta dakatar da fitar da dabbobi domin rago ya yi sauƙi ga 'yan ƙasarta. Wato ko Najeriya ta bar ƙofarta a buɗe, maƙwabciya tana iya cewa kayanta ba za su fito ba, kuma tana da hurumin yin haka.

Ga kuma matsalar kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye, kusan sefa 656 a yuro guda. Naira kuwa an sake ta ta nemi farashinta a kasuwa tun Yunin 2023, inda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da naira 1,500 a 2024. Makiyayin Nijar da sefa yake lissafi. Ko bai ƙara ko dala ɗaya a kan sansa ba, kuɗin da falken Najeriya zai ƙirga masa da naira ya ninka. A ɗaya ɓangaren, geron Sule Tankarkar ya zama mai araha ga mai riƙe da sefa. Manomin da ya sayar da kaka ya ji daɗin ciniki, amma shi ne zai koma kasuwa da bazara ya sayi tiya da tsada.

Saboda haka murnar da ake yi duk lokacin da aka buɗe iyaka, duk da tana da dalili, tana rufe wata gaskiya: yankin hanya yake sayarwa fiye da kaya. Sa yana shigowa da ƙafarsa, ya fita da ƙafarsa. Yanka da fiɗa, sarrafa kirgi, sayar da nama a kantunan birni, duk a wani wuri ake yin su, can kuma riba mai kauri take. Abin da ke zama a gida la'ada ce da kuɗin shiga kara. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ba yau aka gane wannan ba. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari domin a riƙa sarrafa kaya ana fitarwa. An haura shekara ashirin, gwamnatoci sun zo sun wuce da alƙawarin farfaɗo da shi, amma har yanzu kara ce ke ciyar da garin. Sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ma ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, da reshe zuwa Dutse. Idan ya fara aiki, wani kaso na fataucin Nijar zai karkata yamma, Maigatari kuma ta rasa fifikon da kusanci ya ba ta.

To mene ne ke hannun mutanen yankin? Ƙasa da abin da take fitarwa. Jigawar rairayin nan da ba ta son shinkafa tana son zoɓo da riɗi, kuma dukansu kaya ne da ake biya da dala. Meziko, inda ake shan ruwan zoɓo kamar yadda ake sha a Kano, ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya. Shekarun baya ta dakatar da karɓarsa bayan an sami ƙwarin ajiya a cikin kayan, farashi ya faɗi, manoma suka kwana ciki. Wannan ma ƙofa ce da aka rufe daga nesa, amma da bambanci: makullinta tsabta ce. Shanya a kan leda maimakon ƙasa, rairaye yashi, turara magani a ɗakin da hukumar kula da lafiyar tsirrai ta amince da shi, da takardar shaida. Duk waɗannan ana iya yin su a Gagarawa ko Maigatari, ba tare da jiran a sasanta tsakanin shugabannin ƙasashe ba.

Haka ma kiwon turke. Magidanci ko matar aure da ta sayi ramammen rago bayan kaka, ta ciyar da shi harawa da dusa da kowa wata huɗu, ta ƙara masa daraja da abin da gonarta ta bayar. A shekarar da Yamai ta hana fitar da dabbobi, mai rago a turke shi ne mai magana a kasuwa. Abin da ke hana wannan sana'a girma shi ne jari na gajeren lokaci da likitan dabbobi a kusa. Ma'aikatar bunƙasa kiwo da gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro a 2024 za a auna amfaninta ne da irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Masu ganin akasin haka za su ce sarrafa kaya sai da babban jari, babban jari kuwa sai manyan kamfanoni, ga wutar lantarki ba ta tsayawa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya: mayanka ta zamani da ɗakin sanyi ba za su rayu da janareta a farashin man yau ba. Amma Gagarawa ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka fara da ƙasa kafin mutane. Lokacin da gwamnatin jiha ta ware wa kamfanin Lee hekta dubu 12 domin noman rake, manoman da gonakinsu suka shiga ciki sun yi ta kokawa kan gado da diyya. Darasin a fili yake. Jarin da zai sayi amfanin gonar manomi yana ƙara masa ƙarfi. Wanda zai karɓi gonar ya mayar da shi ɗan ƙwadago kuwa, ya ƙara yawan makullan da ke hannun wasu ne kawai.

Don haka aikin da ke gaban gwamnatin Umar Namadi da 'yan bokon masarautar ba mai ƙyalli ba ne. Wutar sola da aka keɓe wa yankin ciniki na Maigatari. Rumbunan ajiya da manomi zai kai zoɓonsa ya karɓi rasit, ya ci bashi a kansa maimakon ya karyar da kaka. Ƙungiyoyin manoma masu rajista da za su iya sa hannu a kwangila kai tsaye da mai fitarwa. Sikeli a kara, domin a fara sayar da dabba da nauyinta. Ma'aikacin banki ko lauya ɗan Gumel da ke Abuja, wanda ke tunanin inda zai sa ɗan abin da ya tara, injin gyaran riɗi na haɗin gwiwa zai fi yi wa garinsu amfani a kan ƙarin shaguna a bakin titi.

Zumuncin da ke tsakanin Gumel da Damagaram ya girmi iyakar kanta; a ƙarni na 19 fadar masarautar ta taɓa zama a Tumbi, wanda yau ke cikin Nijar. Fatauci tsakanin ɓangarorin biyu zai ci gaba, ko ta ƙofa ko ta barauniyar hanya. Amma an rufe ƙofar nan sau uku cikin shekara arba'in, babu kuma wanda zai rantse ba za a ƙara ba. Ranar da hakan ta faru, abin da zai raba gidan da ya ɗora tukunya da wanda bai ɗora ba shi ne ko akwai buhun zoɓo mai takardar shaida a rumbu, ko rago a turke. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.