Na'urar Nuna Hanya a Mota: Ko Ta Cancanci Kuɗinta?

Dillalai sukan ɗaga farashin mota idan ta zo da allon nuna hanya wanda kamfani ya haɗa mata. Ga mai zirga-zirga tsakanin Sakkwato, Wurno, Raba da Goronyo, wannan ƙari bai cancanci biya ba. Dalili kuwa yana cikin yadda na'urar take aiki.

Abubuwa biyu ta dogara a kansu. Na farko shi ne taurarin ɗan'adam na tsarin GPS, mallakar Amurka, wanda ya kankama a 1995. Taurarin, aƙalla 24, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci. Idan na'ura ta karɓi saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin isowar kowanne, ta gano inda take. Wannan hidima kyauta ce, kuma wayar hannu ta zamani tana karɓarta ko babu intanet.

Na biyu shi ne taswirar da aka ajiye cikin motar, kuma a nan gizo ke saƙa. Yawancin motocin kasuwarmu na hannu ne daga Turai ko Amurka, taswirar can suke ɗauke da ita. Allon da ya haddace titunan Jamus bai san mararrabar Wurno ba. Ko an sa masa ta Nijeriya, taswira takan tsufa, ƙasa kuwa tana sauyawa. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Gulbin Rima ta mamaye ƙauyukan yankin Goronyo, ta kuma yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Haka nan hanyoyin fadama da ake fito da albasa da tafarnuwa: a bi su da rani, su nutse da damina. Mafi muhimmanci, a yankin da 'yan bindiga suka addaba, na'ura hanya mafi sauri take nema, ba ta san mai aminci ba. Direbobin tasha su suka san wannan.

Ilimin halittu ma yana da ta cewa. A 2000, Eleanor Maguire da abokan aikinta sun gano cewa bayan hifokamfas, wato sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe wurare, ya fi girma ga direbobin tasin Landan, waɗanda suka haddace titunan birnin. Ashe koyon hanya horo ne ga ƙwaƙwalwa, bai kamata a sallama wa allo shi ɗungurungum ba.

Gaskiya ne allon kamfani ya fi waya faɗi, kuma cajinsa ba ya ƙarewa. Sai dai taswirar waya ana sabunta ta kyauta, ana kuma iya sauke ta kafin a tashi. Saboda haka gara mai saye ya zuba kuɗin a sababbin tayoyi da gyaran birki, ya kafa wa wayarsa mariƙi, sannan ya biya tasha ya ji labarin hanya. Matambayi ba ya ɓata.