Hantar Tambuwal da Kebbe: an bar jaki ana dukan taiki

Idan idon mutum ya yi rawaya a Tambuwal ko Kebbe, ko cikinsa ya fara tara ruwa, abin da 'yan dubiya ke fara gaya masa shi ne ya bar cin maiƙo. A hana shi man gyaɗa da manja da man shanu, a haɗa masa jiƙo. Idan gidan masu hali ne, sai wani yaro ya nuna a waya cewa can ƙasashen waje ana dasa wa mutum sababbin ƙwayoyin hanta. Ni a ganina duka biyun sun kauce wa inda ciwon yake. Abin da ya fi cin hantar mutanen kudancin Sakkwato shi ne haɗuwar cutar hanta nau'in B da dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, kuma can ya kamata kuɗin gwamnati da hankalin jama'a su nufa.

Dashen ƙwayoyin hanta ilimi ne na gaske. Ana ciro ƙwayoyin daga hantar da aka bayar, a ɗura su ta jijiyar da ke kai jini hanta, da fatan su kama su yi aiki. An fara gwada shi a jikin mutum a Japan a 1992, kuma a 1998 likitoci a jihar Nebraska ta Amurka suka ba da labarin wata yarinya mai ciwon hanta na gado da ta samu sauƙi da shi. Asibitin King's College na Landan ya daɗe yana yi wa yara. Sai dai bayan shekara talatin har yanzu bai zama maganin yau da kullum ba. Ƙwayoyi kaɗan ne ke kamawa, amfanin yakan dusashe bayan watanni, galibi sai an riƙa shan maganin da ke hana jiki ƙin baƙon abu, kuma yawanci ana yin sa ne don a riƙe majinyaci kafin a samu cikakkiyar hanta. Hantar da ta riga ta ƙandare da tabo, irin wadda ake kai wa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a makare, ita ce ta fi wuyar karɓar ƙwayoyin. A ƙasar da ake dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, aka yi dashen ɓargo a Benin a 2011, mai neman dashen hanta Indiya ko Masar ya saba nufa.

Zancen maiƙo kuwa yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya yi ƙarfi. Akwai ciwon taruwar kitse a hanta, yana kuma ƙaruwa a birane tare da ƙiba da ciwon suga da yawan shan lemon kwalba. Man da aka soya ƙosai da shi aka sake maimaitawa har ya yi baƙi ba abin ci ba ne, kuma hukumar NAFDAC ta yi daidai da ta taƙaita kitsen masana'anta mai illa zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Amma manomin Kuchi ko Sanyinna da ya wuni a gona ba ƙiba ke damunsa ba. Mai hantar da ta lalace ramewa yake yi, jikinsa na cin naman kansa, don haka hana shi abinci mai ƙarfi ba tare da umarnin likita ba ƙara kwantar da shi ne.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da cutar hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba alama. Dafin fumfuna, wanda masana ke kira afalatoksin, an gano shi ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sanadiyyar abincin da aka haɗa da gyaɗa. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Wannan kisan farat ɗaya ke nan. Wanda ya fi damuna shi ne na ɗan kaɗan kullum, domin mai ɗauke da cutar B da ke cin wannan dafi haɗarin kamuwarsa da kansar hanta ya ninka na wanda ke cin dafin kaɗai kusan sau 30. Fumfunar na shiga gyaɗa tun tana ƙasa idan ruwa ya ɗauke a ƙarshen damina, ta yaɗu idan an shanya a tsurar ƙasa ko an ɗure buhu da sauran danshi. Idan aka matse mai, mafi yawan dafin a tunkuza yake zama, daga nan ya wuce cikin ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kwaɗon zogale, suya kuma ba ta kashe shi. Man gida da ba a tace ba yana ɗaukar wani kaso. Gyaɗar da ta fashe ko ta canza launi ita ce mai araha a kasuwa, saboda haka ita ce ke komawa tukunyar talaka da kunun yaransa.

Za a ce kakanninmu sun ci gyaɗa sun tsufa, kuma wannan magana za ta karya sana'ar matan da ke ciyar da 'ya'yansu da ƙuli-ƙuli. Wasu kakannin sun tsufa, wasu kuma sun mutu da kumburin ciki aka ce sammu ne. Sana'ar kuwa ba wanda ya ce a bari. Wani bincike da aka yi a ƙauyuka 20 na yankin Kindiya a ƙasar Gini, aka buga a 2005, ya nuna cewa tsince gyaɗa da hannu, da shanya ta a tabarma har ta bushe sarai, da zuba ta a buhun algarara a ɗora kan katako, sun rage dafin da ke jinin mutane da fiye da rabi. Ga kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, da ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure don rage dafin. Inda ƙorafin ke da ƙarfi shi ne tsintar: gidan da ke fama da yunwa ba zai zubar da mudu ko ɗaya ba, kuma ba wa saniyar tatsa ba mafita ba ce, tunda dafin na fitowa a nono. Muddin tsintacciyar gyaɗa da gaurayayya kuɗinsu ɗaya, wa'azi ba zai yi aiki ba. Sai manyan masu saye, har da gwamnati idan tana sayen abincin makarantun kwana, sun auna sun kuma biya ƙari a kan mai tsabta.

Ɗaya ɓangaren, wato cutar B, ya fi sauƙi, ya kuma fi ban takaici. Jariran da suka kamu da cutar B wajen haihuwa, tara cikin goma za su rayu da ita, alhali babba da ya kamu yawanci jikinsa na kore ta. Allurar da ke tare wannan tana cikin rigakafin yara na Najeriya tun 2004, kyauta ce, amma ta farkon cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 5 cikin 100 kacal na yaran Jihar Sakkwato ne suka kammala rigakafi, kuma mafi yawan mata a gida suke haihuwa. Jiran a kawo jariri asibiti bayan suna yana nufin lokaci ya wuce, ga askar wanzami da ta taɓa wasu na jiran sa ran suna da ran kaciya. Dole allurar ta bi jaririn gida. Ungozoma ce ta fara sanin an haihu, mai unguwa da liman na biye, kuma yaƙi da shan inna ya riga ya nuna cewa sarakunan gargajiya na iya buɗe ƙofofin da ma'aikacin lafiya shi kaɗai ba zai iya ba. A ƙauyukan Kebbe da rashin tsaro ya sa tafiyar dare ta zama kasada, ma'aikacin da ke zaune cikin gari da allura a hannunsa ya fi motar da za ta taso daga hedikwata.

Akwai masu cewa irin wannan ra'ayi na ƙayyade wa talaka magani mai araha ne, a bar wa masu kuɗi na zamani. Ina son ganin ranar da za a dasa hanta a Sakkwato, kuma bai kamata likitocinmu su daina bin wannan ilimi ba. Amma kasafi ɗaya ne, kuma kuɗin kai mutum guda Indiya zai gwada dubban masu juna biyu, a ɗora masu yawan ƙwayar cutar kan maganin tenofobir don kare jariransu. Kafin kaka ta bana, majalisun Tambuwal da Kebbe na iya raba tamfol ɗin shanya ta hannun ƙungiyoyin manoma, ma'aikatar lafiya ta jiha ta sa gwajin cutar B kyauta a kowane ɗakin awon ciki, jami'a kuma ta ɗebo gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga kasuwannin yankin ta auna, ta sanar da sakamakon a rediyo da Hausa.