Baƙo a Filin Kurket: Harshe Shi Ne Ƙofar Shiga

1.0 Gabatarwa

A ranar 20 ga Janairun 2025, a birnin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke takwarorinsu na ƙasar Niyu Zilan a gasar cin kofin duniya ta wasan kurket. Labarin ya iske ni a nan Zuru ta bakin wani ɗalibina, wanda ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Malam, an ce mun ci su da gudu biyu. Gudun me aka yi?" Na duba wayar, na ga an rubuta 65/6 a gaban sunan Nijeriya, an kuma rubuta 63/6 a gaban sunan abokan karawarta. Na fi shekara ashirin ina koyar da Hausa da dabarun fassara, amma ranar na kasa mayar da wannan gajeren labari zuwa harshen da nake ci da shi. Wannan kunya ce ta sa na duƙufa kallon wasan da bin dokokinsa, ina da shekara hamsin da ɗoriya.

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, babban abin da ke hana Bahaushe shiga sahun masu sha'awar kurket rashin kalmomin wasan ne a harshensa. Wanda ya sami sunayen abubuwan da yake gani a fili, cikin 'yan makonni zai fara jin daɗin kallo. Samar da waɗannan sunaye kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan malamai da ɗaliban Hausa.

2.0 Yadda Ake Yin Wasan

Kalmomin da za a gani a nan shawara ce tawa, kuma kowa yana da damar gyara su. Ana yin kurket ne tsakanin ƙungiya biyu, kowacce da 'yan wasa 11. A tsakiyar wani makeken fili mai siffar ƙwai akwai wani siririn dandali mai tsawon yadi 22, kuma a kowane ƙarshensa an kafa sanduna uku, an ɗora wasu 'yan guntaye biyu a kansu. Waɗannan sanduna su nake kira turaku. Ƙungiya ɗaya ce take duka, ɗayar kuma tana jifa da tsaron fili. Mai jifa, wato majefi, yakan sheƙo a guje ya wurga ƙwallo yana neman ya kayar da turaku. Madoki kuwa yana tsaye a gabansu riƙe da mabugi na katako, yana kare su, yana kuma neman ya tura ƙwallon can nesa.

Idan ya doki ƙwallon, shi da abokinsa da ke tsaye a ɗaya ƙarshen sai su yi musayar wuri a guje. Kowace musaya maki ɗaya ce, kuma ita ce gudun da ɗalibina yake tambaya. Idan ƙwallon ya gangara har ya ƙetare iyakar fili, an sami maki huɗu. Idan kuwa ta sama ya ƙetare bai taɓa ƙasa ba, maki shida ke nan. Ana kashe madoki, kamar yadda muke faɗa a wasan langa, ta hanyoyi da dama: a kayar da turakunsa, ko a cafe ƙwallon da ya doka tun yana sama, ko a kayar da turakun yana tsakiyar gudu, ko kuma ya tare da ƙafarsa ƙwallon da ya nufi turaku. Wanda aka kashe ya fita, wani ya shigo. Da zarar an kashe mutum goma, turmin wannan ƙungiya ya ƙare, sai a juya. Kowane jifa shida a jere kuma zubi ɗaya ne, daga nan wani majefin ya karɓa daga ɗaya ƙarshen.

Da wannan ɗan bayani, alƙaluman nan sun warware. Ruwan sama ya sa an rage wasan zuwa zubi 13 ga kowane ɓangare. 'Yan Nijeriya suka fara duka, suka tara maki 65, aka kashe musu mutum shida. Abokan karawarsu suna bukatar 66, sai zubinsu ya ƙare suna da 63. Abin da ya gagare ni a gaban ɗalibina bai wuce wannan ba.

3.0 Inda Ya Kamata Baƙo Ya Fara

Kurket na ƙasa da ƙasa iri uku ne. Mafi daɗewa shi ne wasan kwana biyar, wanda aka fara tsakanin Ostareliya da Ingila a birnin Melbourne a 1877. A cikinsa kowace ƙungiya tana da turmi biyu, kuma ana shafe kusan awa shida ana yi a kowace rana. Na biyu shi ne wasan yini guda, mai zubi 50 ga kowane ɓangare, wanda a kansa aka gina gasar cin kofin duniya tun 1975. Na uku shi ne T20, mai zubi 20, wanda ake gamawa cikin awa uku ko fiye da haka kaɗan, kuma an fara gasarsa ta duniya a Afirka ta Kudu a 2007.

Da rarrafe yaro kan tashi, saboda haka shawarata ga baƙo ya fara da T20. A nan ne duka yake da yawa, lissafin kuma a fili yake: ga makin da ake nema, ga jifan da ya rage. Abu na biyu, ya zaɓi ƙungiyar da zai mara wa baya, domin kallon da babu fargaba a cikinsa ba ya riƙe zuciya. Mu kam muna da tamu. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, wanda shi ne karo na farko da Nijeriya ta halarci irin wannan gasa a kurket. Babbar ƙungiyarmu ta mata kuma ta ciyo lambar tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024. Abu na uku, ya koyi karanta allon maki kafin ya damu da sunayen wuraren da masu tsaron fili suke tsayawa, domin waɗannan sunaye suna da yawa, kuma a hankali suke zama a ka.

Sai bayan ya ƙoshi da wannan ne zai ɗanɗana wasan kwana biyar, inda haƙuri da dabara suke rinjayar ƙarfi. A can ne zai ga majefi ya shafe rabin awa yana yi wa madoki tarko, yana saba masa da jifa iri ɗaya, sa'an nan ya sauya masa a lokacin da ya saki jiki. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana kallon dattawa suna dara ya san irin wannan daɗi. Ni kaina wasan ƙarshe na gasar kwana biyar ta duniya da aka yi a filin Lord's na Landan a watan Yunin 2025 ne ya gama kama ni, lokacin da Afirka ta Kudu, ƙarƙashin jagorancin Temba Bavuma, ta doke Ostareliya.

4.0 Ƙorafin Masu Ƙorafi

Na sha jin abokan aiki suna cewa kurket wasan 'yan mulkin mallaka ne, don haka ba ruwanmu da shi. Gaskiya ne Turawan Ingila ne suka kawo shi, har an yi karawa tsakanin Legas da ƙasar da ake kira Ghana a yau tun a 1904. To amma ƙwallon ƙafa ma ai su suka kawo, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙaurace wa gidan kallo saboda haka ba. A jiharmu ta Kebbi ma muna da misali na kusa. Wasan ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda wani malami Bature mai suna Hogben ya shigo da shi Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920, ya zauna daram har Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya shahara da shi. Daɗin daɗawa, waɗanda aka mulka sun daɗe da ƙwace kurket daga hannun masu shi. Ƙungiyar tsibiran Karebiyan, wadda akasarin 'yan wasanta jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne, ita ta ci kofin duniya a 1975 da 1979. Indiya ta ci a 1983, Pakistan a 1992, Siri Lanka a 1996. Ingila kuwa sai a 2019 ta fara ɗaga wannan kofi.

Wasu kuma suna cewa wasa ne na masu hali, domin kayansa da tsada. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, musamman idan ana maganar ƙwallon fata da hular kwano da makarin ƙafa. Sai dai a lungunan Pakistan yara ƙwallon tanis suke naɗewa da tef ɗin lantarki su yi wasansu. Da yawa daga 'yan wasan Afganistan na farko a sansanonin gudun hijira da ke Pakistan suka koyi kurket, amma ƙasarsu ta zama cikakkiyar mamba a Hukumar Kurket ta Duniya a 2017, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar T20 ta 2024. A nahiyarmu ma Kenya ta kai irin wannan matsayi a gasar duniya ta 2003.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na masu tsoron kada baƙin wasanni su ƙarasa binne namu na gargajiya. A ƙasar da kokawa take da daraja irin wadda take da ita a bikin Uhola, wannan tsoro ba abin wasa ba ne, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amsata ita ce, idan muka ɗebo kalmomin kurket daga kokawa da dambe da langa, mun ba waɗannan kalmomi sabon aiki, kuma kalmar da take aiki ba ta mutuwa. Yaron da ya ji turmi a bakin mai sharhin kurket zai iya tambayar asalinta, a kai shi fagen dambe.

5.0 Aikin da Ke Gaban Masu Nazarin Hausa

Idan aka yi la'akari da yadda ƙwallon ƙafa ya zama ɗan gida, za a ga rawar da harshe ya taka. Masu sharhi a gidajen rediyo, irin su Rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC, su suka yaɗa mai tsaron gida da bugun kusurwa da satar gida da bugun daga kai sai mai tsaron gida. A yau tsohon da bai taɓa shiga aji ba yana iya yin gardama a kan hukuncin alƙalin wasa. Kurket bai sami wannan gata ba tukuna.

Hausa kuwa tana da kayan aikin. Ɗafa-goshin ma- yana samar da sunan mai aiki da na kayan aiki da na wuri, kamar yadda muke da maɗinki da mabuɗi da majema. Da shi na gina majefi da madoki da mabugi. Akwai kuma faɗaɗa ma'ana, wadda ta ba mu turmi daga dambe, da zubi daga adashi, da turke daga garke. Wani lokaci ma Hausa takan zo da abin da ake bukata cif. A kurket akwai bambanci tsakanin wasan da maki ya zo daidai da wanda lokaci ya ƙare ba a kammala ba, kuma muna da kalmomi biyu da za mu raba musu. Na farko a kira shi kunnen doki, kamar wasan ƙarshe na 2019 inda Ingila da Niyu Zilan kowacce ta tara 241. Na biyu kuma, wanda a wasan kwana biyar ake samunsa, a kira shi canjaras.

An taɓa yin irin wannan aiki a fagen ilimi, alal misali littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Bambancin kawai shi ne, kalmar wasa ba a ɗakin taro take samun karɓuwa ba, sai ta bi ta bakin 'yan kallo. Saboda haka ɗalibin da zai fita koyarwa gobe ya gwada waɗannan kalmomi a kan yara a filin makaranta, ya riƙe wadda suka kama, ya jefar da wadda suka tofar. A gari irin Zuru amfanin ya ninka, domin Hausa ce take haɗa Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari a kasuwa da makaranta, kuma abin da aka yi mata ana iya yi wa C'lela da sauran harsunan yankin.

6.0 Kammalawa

An tsara kurket zai koma cikin wasannin Olamfik a birnin Los Angeles a 2028, bayan rabonsa da su tun 1900. Nijeriya, wadda ta shiga Hukumar Kurket ta Duniya da sunanta a 2002, ta fara nuna cewa tana da yaran da za su iya. Idan ba mu tanadi kalmomin ba, yaranmu za su ci gaba da ciyo nasara a waje, miliyoyin masu jin Hausa kuma ba su san abin da aka ci ba. Ɗalibin nan nawa yanzu shi yake kawo mini sakamakon wasanni, kuma ya ƙi amincewa da turaku, ya ce shi sanduna sun ishe shi. Har yanzu ba mu daidaita ba, kuma na fi son wannan gardama a kan shirun da muka yi a ranar 20 ga Janairu.