ZANCEN AKAWU: Giyar A-kori-kurarmu Da Abin Da Ta Ci

A fitowar da ta wuce mun yi muku alkawarin za mu yi magana a kan kwatar bayan masallaci, amma sai ku yi mana gafara, an sami abin da ya sha gabanta. Yau mako uku ke nan duk wanda ya bi ta ƙofar ofishin jam'iyya ya ga gurbin a-kori-kurarmu wayam, kuma maganganu sun yi yawa a majalisu. Waɗansu na cewa direba ne ya kashe ta, waɗansu na cewa kwamiti ya cinye kuɗin gyara. Tun da littafin lissafi a hannunmu ya ke, mun ga ya kamata mu baje muku kome a faifai.

Ga yadda abin ya faru. Motar ta taso daga kasuwar Tachiman, tafiyar da ta kai wajen kilomita 120 zuwa nan Kumasi, ɗauke da doya ƙwarya 7 da buhunan masara na matan unguwa. Da ta wuce Akomadan kaɗan sai direba ya ji ƙugi daga ƙarƙashinsa, sandar giya ta fizge daga hannunsa ta koma firi. Ya taka kuloci ya nemi ta uku, ta ƙi, ya nemi ta biyu, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya gangara gefen kwalta ya kashe inji. A nan ya kwana yana gadin kayan mutane, sai da gari ya waye aka sami wata mota ta kwashe doyar, janwe kuma ya jawo tamu. Kafin a ja ta, shi da kansa ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela, watau dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Wanda ya san mota ya san wannan hankali ne, gama in aka ja mota tafiya mai nisa, inji a kashe, farfela a ɗaure, cikin giya na juyawa mai ba ya zagayawa, sai ɓarna ta ƙaru a kan ɓarna.

Muka kai ta Magazin na Suwame, inda duk motar da ta gaji a ƙasar Asante ta kan je jinya. Masta ya sa yaransa suka sauke giyabos, suka buɗe a gabanmu, mu da Ma'aji. Ya ɗauko gwangwanin madara, ya tsiyaye abin da ya rage na mai a ciki, bai cika gwangwanin ba, baƙi ƙirin, garin ƙarfe na walƙiya a cikinsa. Ya dube mu ya ce, "Malam Akawu, wannan ba yau ta fara kuka ba. Wa ya ke duba muku ita?" Muka yi shiru.

Domin waɗanda ba su taɓa leƙa cikin giyabos ba, bari mu faɗi abin da ya nuna mana. Akwati ne na ƙarfe, cikinsa sanduna ne masu ɗauke da fayafayai masu haƙora, manya da ƙanana, suna cizon juna. Su ne ke karɓar saurin inji su mai da shi ƙarfin hawan tudu, ko su sake shi ya zama gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Sandunan suna juyawa a kan boris, kuma akwai waɗansu zobba na tagulla da ke daidaita juyin kafin giya ta shiga. Duk wannan taron ƙarfe mai ne ke raba shi faɗa. Babu famfo, fayafayan ƙasa ne ke tsoma haƙoransu cikin mai su fantsama shi sama. A wutsiyar akwatin, inda farfela ke shiga, akwai wani zobe na roba da a ke kira sil, shi ke tsare man. Namu ya tsufa ya tsage, mai ya riƙa ɗiga har ya ƙare, boris suka yi zafi suka watse, sanda ta karkace, haƙora uku suka karye. Kuma ku sani, gaban direba akwai fitilar da ke kunnuwa in baƙin man inji ya yi ƙasa, amma man giya ba shi da fitila. Shi sai an kwanta an kwance noti an sa yatsa.

To, yanzu ga maganar da ta fi mana nauyi. Mun koma ofis mun buɗe littafi, muka tarar wata uku da suka wuce direba ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin ɗigon mai inda ta ke kwana, kuma ta fara kuka a giya ta huɗu." Da hannunmu muka rubuta a gefen shafi: a duba bayan Salla. Salla ta zo ta wuce, hidima ta sha kanmu, ba mu duba ba. Ya sake tuna mana, muka ce asusu ya yi ƙasa, ya lallaɓa tukuna. Sa'an nan duk ranar kasuwa mu ne mu ke yarda a yi mata lodi fiye da kima, motar da aka yi domin kayan da bai wuce tan 1 ba, don kada mu ɓata wa kowa rai. Saboda haka masu cewa a kori yaron nan, sai su fara da akawu. Shi ya faɗa, mu ne ba mu ji ba, kuma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Masta ya shimfiɗa mana hanya uku. Ta farko, a gyara tsohon, a sa sababbin boris da zobba da sil, a nemo fayafayan da suka karye, duka da ladansa sidi 6,200. Amma ya ce tun da sandar ta ci wuta ba zai rantse mana za ta kai shekara ba. Ta biyu, a sayi giyabos na hannu, irin waɗanda a ke cirowa daga motocin ƙasashen waje su sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, sidi 9,500. Ta uku, a yi odar sabo fil, wanda kuɗinsa ko a mafarki asusunmu bai gan shi ba.

A taron kwamiti aka sami hanya ta huɗu. Wani dattijo ya ce a sayar da ita yadda ta ke, a huta, gama tsohuwar mota rijiya ce mai cin guga. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, har mun fara karkata. Sai Liman ya ce, "Alhaji, a cikin makon nan uku da ta ke kwance mun yi rashi sau biyu. Tsohuwar nan ta bayan makaranta sai da aka yi karo-karo a ƙofar gida, gawa na jira, kafin a sami motar da za ta kai ta maƙabarta." Ma'aji kuma ya karanta cewa daga ladan dakon motar nan a ke biyan malaman allo biyu kowane wata. Abin da za a ba mu a kanta ba giya kuwa ba zai sayi rabin wata ba. Injinta lafiya lau, ƙashinta bai tsatsa ba. Aka tsaya a kan na hannu.

Wurin sayen ma mun koyi abin da ya kamata mu gaya wa duk mai mota a Zango. Masta bai bar mu mun tafi mu kaɗai ba, ya ɗauki tsohon muka tafi da shi. Ya jera su biyu a ƙasa, ya ƙirga ramukan noti, ya ƙirga tsagar sandar da ke shiga kuloci, gama mota iri ɗaya ta kan zo da giya iri biyu bisa ga shekararta. Ya sa kowace giya da hannu, har ribas, yana juyawa yana kasa kunne. Ya kwance notin ƙasa ya duba ko ya tara garin ƙarfe. Biyu ya ƙi, na uku ya karɓa. Mu kuma muka yi namu aikin na akawu, muka ce sai an rubuta a rasit cewa in ya yi kuka cikin kwana 30 za a sake mana wani. Mai kanti ya yi ta jan ƙafa, daga bisani ya sa hannu. Masta ya kuma ba da shawara a sake faifan kuloci yanzu da giya ta ke ƙasa, domin in aka bari, nan gaba sai an sake biyan ladan saukewa da ɗorawa. Muka yarda.

Ga lissafi. Janwe, sidi 1,500. Motar da ta kwaso doya, 600. Saukewa da buɗe tsohon, 400. Giyabos na hannu, 9,500. Ɗorawa, 800. Faifan kuloci, 1,400. Man giya, 200. Jimla, sidi 14,400. Abin da ke asusu 8,900 ne, saura 5,500, Masta da mai kanti sun yi mana haƙuri zuwa ƙarshen wata. Muka tambayi Masta, da a ce mun kawo ta ranar da direba ya fara magana, nawa za mu biya? Ya ce sil 60, mai 200, ladansa 100, watau 360. Ku raba da kanku ku gani, ninki 40 ne cif. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kakanninmu da suka bi hanyar goro ta Salaga da jakuna, har suka ba wuraren nan sunan zango, ba su da fita ba su da janwe. Amma mun ji daga tsofaffi cewa in ayari ya sauka, bafatake ba ya neman tuwo sai ya sauke mangala ya shafa bayan jakinsa ya duba ƙafafunsa, gama ya san in jaki ya kwanta a daji, goro ya ruɓe. Mun gāji fataucin, mun mance da shafa bayan.

Saboda haka kwamiti ya yanke abu uku. Kowace Asabar ta farkon wata za a kai motar gareji a duba man giya da na baya, a rubuta a littafi. Kowace tafiya za a ware kashi 1 cikin 10 na ladan dako a ajiye shi dabam, ba mai taɓa shi sai don gyara. Kuma in direba ya ce kaya sun isa, sun isa, ko na wane ne.

Saura bashi. Gidajen da ke cikin rajista 110 ne, in kowane gida ya kawo sidi 50 mun fita. Wanda ba shi da hali kada ya ji kunya, ya zo ya raɗa mana, akwai waɗanda suka ce za su ɗauki na gida biyu. Akawu ya fara sa nasa ninki uku, don shi ya rubuta "bayan Salla". Za ku same mu a ofis kullum daga bayan La'asar zuwa Magariba, kuma kada kowa ya tashi bai karɓi rasit ba. Motar za ta fito ran Alhamis in Allah ya yarda, matan doya su shirya.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu ji magana tun tana ƙarama. Zancen kwata sai fitowa mai zuwa.

Naku,
Akawun Jam'iyya