Kuɗin masu saurare ne, a sayo injin da ɗan Maraɗi zai iya kwancewa

Jama'ar Madarunfa da kewaye, na Gabi, na Safo, na Ɗan Isa, na Jiratawa, da ƴan uwa masu kama mu a waya tun daga Jibiya har Abijan. Zancen da lokaci bai bari munka ƙarasa ba cikin shirin Lahadi, yau za mu ƙarasa shi a rubuce, tunda nan babu teknisiyan da zai ɗaga muna hannu ta bayan gilashi ya ce a rufe.

Ga wanda bai bi maganar ba tun farko: mun yi kira, duk mai tsoffin fayafayan garmaho a gida ya kawo a kwafe su cikin ordinatair, a mayar mishi da abinshi. Kun amsa fiye da yadda munka zata. An kawo Shata da Ɗan Maraya Jos waɗanda anka buga a Legas, an kawo Bembeya Jazz na Gine, an kawo Franco, an kawo waƙoƙin Indiya. Ƙungiyoyin zumunta sunka yi karo-karo don a sayi injin da zai yi aikin. Kuɗin na hannun ma'aji yau wata biyu, ba a sayi komi ba, saboda gardama ɗaya: wasu sun kafe sai an aiko muna daga Turai da tsohon inji irin mai hannu mai tafiya miƙe, wanda Faransawa ke ce ma bra tanjansiyel. Mu kuwa mun ce a'a, kuma har gobe a'a muke cewa.

Bari mu fara ba su gaskiyarsu, don suna da ita. Lokacin da ake yanka uwar faifai a masana'anta, allurar da ke tsaga layin waƙa tafiya take miƙe daga baki zuwa cibiya. Injin da munka saba gani kuwa hannunshi a dashe yake a kusurwa guda, yana juyawa kamar ƙyauren ɗaki, don haka allurarshi baka take bi, ba miƙaƙƙen layi ba. Wuri biyu kaɗai cikin faifan duka take zama daidai yadda anka yanka, sauran wurin tana ɗan karkace, digiri ɗaya zuwa biyu. Wannan na cikin dalilan da ke sa waƙar ƙarshe, wadda ke kusa da takardar tsakiya, ta ɗan shaƙe. Ga kuma juyin faifai da ke jan hannun zuwa ciki, sai an sa abin da zai riƙa mayar da shi. Mai tafiya miƙe ya kauce wa duk wannan. Kamfanin Bang & Olufsen na Danmak ya fito da Beogram 4000 a 1972, Technics na Japan ya fito da SL-10 a 1979, girmanta daidai da kwalin faifai, hannun na cikin murfi, kana iya tsayar da ita a tsaye ta ci gaba da kiɗa. Aiki ne na masu hankali, babu mai musun wannan.

To amma mu ba a takarda munka karanta ba. Mun mallaki irinta. Ba za mu kama sunan kamfanin ba, don ba laifinsu ba ne, sun ƙera ta ne don ɗaki mai sanyi marar ƙura. Cikin kayan gwanjo munka tsince ta a Maraɗi, da kuɗin aljihunmu. Watannin farko wallahi mun ji daɗi. Mun aza Shata, munka ji bakin kalangu ɗaya-ɗaya, har numfashin ƴan amshi. Sai hunturu ya shigo.

Ku gane yadda cikinta yake. Hannun na zamiya ne bisa wani siririn sandan ƙarfe mai man shafawa. Ƙaramin moto ke jan shi ta hanyar igiyar roba wadda ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Sannan akwai ɗan ido na haske da ke gaya wa moton: allura ta matsa, kai ma matsa. Abu uku ke nan, kuma kowane yana da abokin gaba a garinmu. Ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon man ta zama kwaɓaɓɓen yumɓu. Hannun ya cije a tsakiyar waƙa, allura ta tsaya tana maimaita layi guda, tana cin faifan da munka sayo ta don ta kiyaye. Da bazara ta zo, robar, wadda ta shekara arba'in a duniya, ta saki ta koma kamar kwalta. Mun kai ta wurin masu gyara uku a Maraɗi, mutanen da ke tada matacciyar tele da amfili ba tare da sun duba littafi ba. Na ukun ne ya faɗa muna gaskiya: "Malam, ban taɓa ganin cikin irinta ba." Ya ciro roba daga tsohuwar rediyo mai kaset ya sa mata. Sati biyu ta yi. Yau tana bisa kabad, kaset muke jerawa a kanta.

Ko da a ce ba ta mutu ba, akwai abin da ba za ta iya ba, kuma nan ne muke son masu gardama su tsaya su saurara. Cikin abin da kunka kawo akwai fayafayai masu nauyi, masu fashewa kamar tangaran in sun faɗi. Waɗannan na garmahon wani ne, mai zagaye 78 a minti. Su ne sunka fi tsufa, su ne kuma ba mu da tabbacin akwai kwafinsu a wani wuri. Ƙananan injinan nan na Japan masu hannu cikin murfi 33 da 45 kawai sunka sani. Layin faifan 78 ya ninka na sauran faɗi sau uku zuwa huɗu, allurarshi daban ce. Mafi yawan masu tafiya miƙe na shekarun 1980 kuwa kan allurarsu irin na sokawa ne da ake ce ma T4P, an yanke mishi nauyi giram 1.25, ba a bar ma ka wurin ƙari sosai ba. Wannan nauyi ya dace da faifan Bature da ya kwana cikin leda tun ranar da anka saye shi. Namu fa? Namu sun sha biki da suna, wasu an taɓa aza musu allurar ƙarfe, wasu sun lanƙwashe ƙarƙashin rufin kwano, gara ta cinye kwalayensu. Irin wannan faifai sai ka tsaya a kanshi kamar ungozoma: ka ƙara nauyi zuwa giram biyu da rabi ko uku, ka ɗaga allura da yatsa ka tsallake wurin da ya tsage, ka mayar baya ka sake. Injin da ke rufe murfi ya bar ka da maɓalli ba zai ba ka wannan dama ba.

An ce muna ɗanmu da ke Beljik zai riƙa aiko da kayan gyara. Allah Ya saka mishi da alheri, niyyarshi mai kyau ce. Amma ke nan duk ranar da roba ta tsinke, aiki ya tsaya sai an samu matafiyi, fayafayan mutane na tare a ɗakinmu cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. In ɗaya ya lanƙwashe a hannunmu, wa zai je ya yi wa mai shi bayani? Mu ne, ba na Beljik ba.

An ce sautinta ya fi. Ya fi, a kan faifai mai lafiya. A kan namu, mun gwada mun gani: wanke faifai da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a shanya a inuwa a tsaye, ya fi canza sauti nesa ba kusa ba a kan wancan digiri biyu da ake ta ambato. Kuma mu faɗi abin da ake faɗi a bayan fage: wasu ba sautin ke gabansu ba, hoton ranar miƙa kaya ne. Inji mai ƙyalli wanda hannunshi ke tafiya shi kaɗai ya fi kyau a Facebook. Kuɗin nan kuwa akwai dala-dalar masunta na bakin tabki a ciki, akwai ta mata masu tuyar ƙosai. Ba su bayar don hoto ba.

Masu cewa a raba kuɗin kawai, wai komi na cikin kart memwar, amsarsu gajera ce. Abin da ke cikin memwar wani ne ya zauna ya kwafe shi daga wani abu. Kiɗan da Mamman Sani ya ɗauka a Yamai a 1978 kaset kaɗan anka yi nashi. Don kwafi bai ɓata ba ne kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya samu abin bugawa a faifai a 2013, duniya ta ji shi.

Abin da muke nema a saya ba boyayye ba ne. Inji mai hannu na gargajiya, mai gudu uku, 33 da 45 da 78, wanda motonshi ke juya faranti kai tsaye babu roba, wanda ake cire kan allura da hannu a sa wani, mai wayar da ke shiga ordinatair. Audio-Technica na yin irinshi, AT-LP120X, sabo fil, kuma akwai wasu kamfanonin. Ba mu da ko dala a cinikin kowa, duk wanda ya cika sharuɗɗan nan mun yarda. Canjin da ya rage a sayi kan allura biyu, ɗaya na 78 ɗaya na sauran, da allurai na ajiya, da diski biyu na adana sauti, ɗaya a gidan rediyo ɗaya a wani gida daban, sannan kafinta ya yi muna kanta da za a jera fayafayan a tsaye nesa da bango.

Akwai wata iya daga wajen Gabi da ta kawo fayafayan marigayi mijinta cikin kwalla, ta naɗe su da zane. Biyar daga ciki 78 ne. Duk shigowarta gari sai ta biyo ta tambaya ko an sa mata ta ji. Sau huɗu ke nan muna ce mata iya, a ƙara haƙuri.

Ranar Asabar bayan la'asar akwai zaman kwamiti, kuma ƙofa buɗe take ga duk wanda ya sa kuɗinshi. Za mu sauko da tamu daga bisa kabad mu kawo, da turnabis, da faifai ɗaya na iya. Duk wanda ya tada ta, ta kiɗa fuska guda daga baki har cibiya, mun janye maganarmu a gaban kowa.