Duniya Labari: Dutsen Etna, Wuta Da Ƙanƙara Wuri Guda

A wannan wata za mu leƙa tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, inda dutsen Etna yake tsaye bisa birnin Kataniya. Tsayinsa ya haura mita 3,300, kuma yana cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya. Mu da muke Kamaru mun san irinsa, don a 1999 narkakken dutsen da ya malalo daga Dutsen Kamaru sai da ya datse hanyar mota a yammacin Limbe.

Abin mamaki a nan shi ne, in hunturu ya yi, dusar ƙanƙara kan lulluɓe Etna, sai Turawa su ɗaura dogayen katako a ƙafa su yi ta zamiya, ga hayaƙi na tashi a bisansu, ga teku suna hange a ƙasa. Filayen wasan biyu ne, ɗaya a kudu wajen Nikolosi, ɗaya a arewa a Piyano Purobenzana. A kudun akwai motar da ke tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, tana hawa da baƙi har mita 2,500.

To, dutsen ba ya raga wa kowa. A 1928 ya binne garin Maskali. A 1979 ya hallaka masu yawon buɗe ido 9 a bakin raminsa. A 2002 ya cinye kusan duk gine-ginen filin arewa, aka sāke ginawa. Babban haɗarin kuwa shi ne inda wuta ta gamu da ƙanƙara: nan take ruwa ya zama tururi, ya fashe, ya yi ta jifa da duwatsu masu zafi. Haka ya faru a 2017, mutane wajen 10 suka ji rauni, cikinsu har da ma'aikatan BBC.

Mutanen gindin dutsen ba mu ga laifinsu ba. Tokarsa ce takin inabi da lemunsu, baƙin da yake jawowa kuma su ne cinikinsu, balle tun da UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Wanda muke ƙorafi a kansa shi ne baƙon da zai baro ɗan jagora a baya, ya matsa gab da wuta don a ɗauke shi hoto. In ƙafa ta karye, masu aikin ceto ne za su hau cikin dare da sanyi su sauko da shi.