Dajin Falgore: Tsaro kaɗai bai isa ba

Duk lokacin da aka ambaci dajin Falgore a kafafen yaɗa labarai, akasari batun ɓarayin shanu ne ko masu garkuwa da mutane, musamman a kan hanyar Kano zuwa Jos wadda ta ratsa ta cikinsa.

Sai dai wannan daji, wanda ya mamaye sassan ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila a kudancin jihar Kano, yana da wani muhimmanci da ba a cika magana a kai ba, wato ruwa.

Kogin Kano yana ratsa dajin kafin ya malala cikin madatsar ruwa ta Tiga da ke yankin Bebeji, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo.

Da ruwan Tiga ne ake noman rani a Kadawa da Kura, kuma birnin Kano na samun wani kaso na ruwan shansa daga kogin.

Aikin malaman daji

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe wurin a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000.

Keɓe daji a takarda abu ne mai sauƙi, amma kula da shi aiki ne na kullum.

Malaman daji su ne ke sintiri a ƙafa ko a kan babur, suna duba iyakokin gandun kada gonaki su ci su, suna kwance tarkunan mafarauta, suna kuma korar masu saran itace.

Da zarar damina ta ɗauke, sai a share ciyawa a wasu wurare domin wuta ta rasa abin ci idan ta iso. A kan kuma ƙona ciyawar tun tana da sauran danshi, saboda wutar da ta tashi a tsakiyar hunturu takan cinye har da ƙananan bishiyoyi.

Idan aka yi sakaci da wannan aiki, illar ba ta bayyana nan take. Doka da marke da kaɗanya sukan koma gawayi a hankali, ƙasa ta zama tsirara, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kogi.

Yashi da lakar da kogin ya ɗebo a ƙasan madatsar suke kwanciya, kuma gwargwadon taruwarsu, gwargwadon raguwar ruwan da za ta iya riƙewa. Ke nan manomin tumatir a Kadawa na da ruwa da tsaki a abin da ke faruwa a Falgore, ko da kuwa bai taɓa taka dajin ba.

Matakan gwamnati

A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, an kafa sansanin horar da sojoji a cikin dajin, an kuma gina matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Ƙiru.

A shekarar 2020 kuma, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sanya Falgore cikin wurare 10 da ta amince a mayar da su gandun daji na ƙasa.

Waɗannan matakai na da amfaninsu, domin babu malamin dajin da zai shiga sintiri inda 'yan bindiga suka yi sansani.

To amma soja ba ya share hanyar wuta, ba ya renon dashe, ba ya kuma ƙidayar namun daji. Sauya wa gandu suna shi ma ba ya sanya mai a babur.

Akwai kuma batun mutanen da ke kewaye da dajin. Makiyayi na neman ciyawa, mai gawayi na neman abin sawa a bakin salati, mutanen birni kuma na ƙara komawa ga gawayi a duk lokacin da iskar gas da kananzir suka yi tsada.

Saboda haka kame kaɗai ba zai yi magani ba, sai an jawo dagatai da ardo-ardo da ƙungiyoyin mafarauta cikin aikin, an kuma fayyace inda aka yarda a yi kiwo da inda aka hana.

Abin da za a auna nasara da shi a Falgore shi ne yawan malaman dajin da ke bakin aiki a kowace safiya, da kayan aikin da ke hannunsu, da kuma ko ana sakin kuɗin share hanyoyin wuta kafin hunturu ya kama.